Kifin Ƙanwata a Shafin Ƙawata

Litinin, 3 ga Satumba 2018, da hantsi

Yau na kunna waya. Tun da aka sallamo ni daga asibiti tana ƙarƙashin katifa a kashe. Maigidana Halliru ya ce in bar ta sai na ji ƙarfi. Da ma na bi maganarsa.

Saƙonnin jaje duk na tsallake su, na san abin da ke ciki. Shafin Grace na shiga kai tsaye, don a raina ita kaɗai ce za ta iya sa ni dariya. Grace mai girkin biki, matar Malam Emmanuel na jami'a, wadda matan Kano ke leƙa hannunta a Instagram kafin su ɗora tukunya. Shekara guda ke nan duk wanda ya tambaye ta inda take samun kifin banda, sunana take faɗa. Nawa kaɗai. Kuma ba alfarma ba ce, a rubuce yake, da sa hannun lauya.

Bidiyon da ke sama na wani taron 'yan siyasa ne, da yake ana ta shirin zaɓen fid da gwani. Farfesun tarwaɗa cike da manyan kuloli. Sai ta juya wayar tana cewa, "Ku ga mai kifin nan." Na gyara kwanciya, na ɗauka hotona za ta nuna.

Hansai ce. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a Lajawa. Tana tsaye cikin atamfar da na ba ta da sallah, tana rufe baki da mayafi wai ita kunya, ga jaririnta Ɗantani goye a baya yana barci. Grace ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kifin Hansai. Ku neme ta, ga shafinta nan a ƙasa."

Shafinta. Hansai da ko hoto ba ta iya turawa sai ta kira ni.

Talata, 4 ga Satumba, bayan azahar

Na sake kallo. Dafa kafaɗar ce ta fi tsaya mini a rai.

Laraba, 5 ga Satumba, da la'asar

Grace ta zo da kular kunun gyaɗa. Tun daga zaure na ji muryarta tana gaisawa da maƙwabta, ita da ba ta wuce kowa. Ta shigo ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado.

"Ƙawata, sannu. Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Kina cin abinci kuwa? Kin ga yadda kika koma? Jiya a zumuntar mata sai da na sa aka yi miki addu'a da sunanki."

Na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Ta kama hannuna za ta fara maganar abin da ya faru, sai na tambaye ta ya taron 'yan siyasa ya ƙare. Ta gane. Ta saki hannun.

Ta ce ranar da aka ba ta aikin ita ce ranar da aka shiga da ni tiyata. Ta yi ta kira wayata a kashe, ga shi ta riga ta amsa wa mutane farfesu. Ta je bakin gada ta duba kifin da ake sayarwa, bai yi mata ba. Shi ne aka ba ta lambar Hansai.

"Wa ya ba ki?"

"Maigidanki."

Na ce, "To madalla."

"Na ga gida bai ƙoshi ba, me zai sa a kai wa dawa? Ai hannunku ɗaya. Wallahi yarinyar nan tana da ƙoƙari, Khaulat. A kwana ɗaya ta haɗa mini komai."

Na ce, "Shafin fa? Ita ta buɗe?"

"Ni na buɗe mata. Mutane suka dame ni da tambaya." Ta dube ni. "Ko akwai damuwa?"

Na ce babu komai. Na ce ma ta kyauta.

Kunun yana nan inda ta ajiye shi.

Alhamis, 6 ga Satumba, da safe

Na tambayi Halliru yana cikin sa takalmi zai tafi shago. Ya ce, "Khaulat, ina tsaye a ƙofar tiyata ana ce mini in nemo jini, wata ta kira ni tana maganar kifi. Ko lambar sarkin masunta ta ce in ba ta, zan bayar."

Amma ai da sai ya ce mata a haƙura.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko in ba shi jakar kayan jaririn nan da na tanada, da ke saman sif, ya kai gidan Inna, tunda ganinta na hana ni sakewa. Na ce kada wanda ya taɓa ta.

Juma'a, 7 ga Satumba, da hantsi

Yau kasuwa. Daga nan ina jin motocin shanu suna wucewa. Da lafiya ce da tuni ina bakin kogi ina zaɓen tarwaɗa, ina faɗa da masunta a kan wadda ta kwana.

Na ɗauko yarjejeniyar na karanta.

Bara ne wata mata a cikin Kano ta kwashe hotunan kifina ta sa a shafinta, tana cewa ita ke kai wa Grace. Ta tura wa mutane ruɓaɓɓen kifi har Kaduna, aka dawo ana zagin Grace a bainar jama'a. Shi ne Malam Emmanuel ya ce mu daina wasa, mu je a rubuta. Muka hau benen Barista Haladu, saman kantin magani na bakin titi. Muna ta dariya kamar yara. Grace ta ce wannan ai ɗaurin aure ne, saura goro.

Sashe na huɗu: Grace ba za ta ambaci wani mai sayar da kifi a shafinta ba, ba za ta nuna shi ba, ba za ta tura masa mai saye ba, har shekara biyu. Ni ma ba zan tura wa wani mai girki kowa ba. Sashe na biyar: idan ɗaya ta kasa kawo kaya, sai ɗayar ta ba ta sanarwa a rubuce, ta jira mako guda, kafin ta nemi wani. Wadda ta karya, za ta janye abin da ta wallafa, ta biya tara.

Ni na riƙe nawa. Ƙanwar Halliru girki take yi, har gida ta zo ta roƙe ni in riƙa turo mata masu biki. Na ce da alkawari a kaina. Har yau ba ta gaishe ni da kyau. Dangin miji na ɓata da su saboda Grace.

Ita kuwa ko wata guda ba ta iya jira ba.

Lahadi, 9 ga Satumba, bayan azahar

Hansai ta zo. Ita kaɗai.

Tana shigowa na kalli bayanta, babu goyo. Ta bar shi wurin surukarta, wai kada ya dame ni da kuka. Watau an zauna an yi shawara a kaina: kada a kai yaro gaban Yaya. Da ta zo da shi ban san me zan yi ba. Da ba ta zo da shi ba kuma, na ji kamar ta mare ni.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta buɗe leda. Tarwaɗa ce ta banda, ta naɗe ta zobe kamar yadda nake yi. Launin ya yi. Na duba cikin, na duba wutsiya, ina neman inda ya ƙone. Ban samu ba.

"Yaya, na ce ko za ki ɗan ji daɗin bakinki."

Na ce gishirin ya yi yawa. Ban ɗanɗana ba.

Ta ce ruwa ya cinye shinkafar mijinta Labaran, ta fadama duka, ko iri ba za su fitar ba. Ta ce da kifin nan suke cin abinci yanzu. "Amma da kin warke zan rufe shafin, Yaya. Riƙon ƙwarya nake yi miki."

Mai riƙon ƙwarya ce har ta buga takardar manne. A jikin ledar na gani: Kifin Hansai, da lambar waya, da ɗan hoton kifi yana murmushi.

Muna zaune gaban rigarta ya jiƙe. Ta ja mayafi ta rufe da sauri, ta ce bari ta tafi kada yamma ta yi.

Nawa sai da Inna ta ɗaure mini da zane kafin ya daina zuwa.

Litinin, 10 ga Satumba, da safe

Ni na koya mata wanke tarwaɗa da toka. Ni na koya mata irin itacen da ba ya sa ɗaci. Duron da take banda da shi ma tsohon nawa ne.

Laraba, 12 ga Satumba, da la'asar

Na sa hoto a shafina, na rubuta na dawo. Har yamma shiru, sai masu ce mini sannu da jiki.

A shafin Grace kuwa wata ta rubuta wai kifin yanzu ya fi na da laushi. Grace ba ta goge ba. Ba ta amsa ba, amma ba ta goge ba.

Sai ga kiran wata Hajiya daga Abuja, wadda tun farkon fara sana'ata nake tura mata kwali a mota. Na yi murna. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya ruwa. Sai ta ce, "Ashe ke ce yayar Hansai? Don Allah ki ce mata ta ɗaga waya, ina ta nemanta."

Yayar Hansai.

Alhamis, 13 ga Satumba, da hantsi

Ban ce ta mutu da yunwa ba. Ta kai kasuwa mana. Ta kai bakin gada, matafiya na saye. Me ya sa sai a shafin Grace, sai a kan mutanena?

Komai Hansai a sauƙaƙe take samu. Tun muna yara in aka aike mu ɗiban ruwa, ni ke ɗaukar tulu, ita ake cewa sannu. Ta yi aure bara waccan, ko shekara ba a rufa ba aka yi suna. Ba ta taɓa sanin layin asibitin Kano ba, ba ta taɓa shan sassaƙen da ke sa amai ba. Ni abu ɗaya na gina da hannuna, na tsaya cikin hayaƙi har idona ya lalace. Shi ma sai an raba da ita?

Litinin, 17 ga Satumba, bayan azahar

Na je wurin Barista Haladu. Hawa benen sai da na huta a tsakiya. Halliru bai sani ba, na ce masa asibiti zan koma.

Ya kalli bidiyon, ya buɗe takardar, ya bi ta da biro.

"Hajiya, maganar doka a fili take. Ta ambata, ta nuna, ta tura. Kuma ba ta ba ki sanarwa ba. Ta karya."

Rabon da in ji sanyi a raina irin haka na manta.

"Ita wannan Hansai ɗin, kin san ta?"

"Ƙanwata ce."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce shi aikinsa rubutu, in na ce ya rubuta zai rubuta. Amma takardar gargaɗi kamar kibiya ce, in ta bar baka ba a kiranta ta dawo. Ko zan fara zama da su tukuna?

Na ce in zama za a yi, me ya sa muka biya shi ya rubuta mana tun farko?

Ya ce tarar fa? Na ce ba na son tararta. Ta goge bidiyon, ta daina ambaton kowa, ta koma kan abin da ta sa wa hannu.

Ya rubuta.

Talata, 18 ga Satumba, da safe

Ban yi laifi ba. Haƙƙina ne.

Laraba, 19 ga Satumba, da la'asar

Bidiyon ya ɓace. A wurinsa ta sa hoton kifina na bara, ta rubuta: "Mai neman kifin banda ya tuntuɓi Kifin Khaulat." Shi ke nan. Da can sai ta ce ƙawata, sai ta ce sarauniyar hayaƙi, sai ta jera zuciyoyi.

Ta turo mini saƙo: "Madam Khaulat, na samu takardar lauyanki. Na yi yadda aka ce. Na gode."

Na jira ta kira ta yi faɗa. Na shirya duk abin da zan ce mata. Ba ta kira ba.

Juma'a, 21 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Inna ta zo daga gida, ko ruwa ba ta sha ba. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗar sunana.

"Ke, da gaske ne kin kai ƙanwarki gaban lauya?"

"Ba ita na kai ba, Inna. Tsakanina da Grace ne."

"Wa aka cire wa abinci a baki, Grace ɗin?"

Na ce mata akwai yarjejeniya. Ta ce ita ba ta san wata jejeniya ba, ta san nono ɗaya muka sha. Ta ce ranar da nake kwance ba a san ko zan tashi ba, Hansai ce ta fara miƙa hannu a ɗebi jininta, likita ya ƙi saboda tana shayarwa, ta zauna a ƙasa tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Daga asibitin ta wuce ta hura wuta ta yi wa Grace kifi, don kada a ce na saɓa alkawari.

Babu wanda ya gaya mini wannan. Kuma ban ce ta yi ba.

Inna ta sassauta murya. "Na san abin da ke cin ki, kuma ba kifi ba ne. Wannan karon kin sa rai, har ya fara motsi. Amma ba Hansai ta ɗauke miki ba."

Na tashi na shiga banɗaki na rufe. Da na fito ta tafi.

Asabar, 22 ga Satumba, da safe

Halliru ya ji. Bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Asibitin da kika ce za ki ke nan?" Ya karya kumallo a shago.

Litinin, 24 ga Satumba, da hantsi

Masu saye sun dawo. Waya sai ƙara take. Grace na turo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da saƙo iri ɗaya, babu gaisuwa.

Ta kuma turo nata: bikin 'yar wani shugaban sashe a jami'a, Asabar ta sama, farfesun kifi za a yi wa baƙi masu yawa. Tana so kifin ya isa hannunta kafin ranar.

Na leƙa shafin Hansai. Tun ranar Laraba ba ta sa komai ba. Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka.

Laraba, 26 ga Satumba, gab da magariba

Na sa an kawo tarwaɗa daga bakin kogi, na hura wuta. Likita ya ce kada in ɗaga abu mai nauyi, kada in daɗe a tsaye. Likita bai san yadda ake banda ba.

Na wanke rabi, bayana ya riƙe. Na jera a raga, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin lokacin juyi. Da na yunƙura zan tashi sai jiri, na ga zanena ya ɓaci. Ina zaune a ƙasa ina kallon hayaƙin ya koma baƙi, ba ni da ikon isa wurin. Maƙwabciya ce ta ji ƙauri ta shigo ta kashe wutar.

Na ƙasa ya zama gawayi, na sama bai nuna ba. Wanda ban wanke ba ya fara wari.

Halliru ya mayar da ni asibiti. An yi mini allura, an yi mini faɗa.

Alhamis, 27 ga Satumba, bayan azahar

Na tsince masu dama-dama na tura wa Grace, wai ta fara gani.

Juma'a, 28 ga Satumba, da la'asar

Ta zo da kanta. Ba ta shigo ɗaki ba, a tsakar gida ta tsaya, ko takalmi ba ta cire ba. Kwalina na hannunta, ta ajiye a kan turmi. Ta miƙo mini takarda.

"Sashe na biyar. Ni ma na iya karatu. Sanarwa ce a rubuce, kin kasa kawo kaya. In mako ya cika ban ga kifin da zan iya ba mutane ba, ina da ikon neman wani."

Na ce, "Grace, ba ni da lafiya."

"Wancan karon ma ba ki da lafiya. Na ɗauka ƙawance ya isa, ashe takarda ake so. To ga ta. Ina cikin dafa abincin yara ɗan aiken lauya ya buga mini ƙofa. A gaban maƙwabta, Khaulat. Mijina ya karanta ya ce, wannan ce wadda kika kwana biyu a kan benci a asibiti dominta? Da kin kira ni kin zage ni, wallahi da na ba ki haƙuri, don na san na yi kuskure. Ban tambaye ki ba na sa ta a shafi. Amma lauya?"

Na ce, "Kin dafa ta."

"Me?"

"A bidiyon. Kin dafa kafaɗarta."

Ta tsaya tana kallona kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita.

Lahadi, 30 ga Satumba, da safe

In mako ya cika wurin wa za ta je? Wurin Hansai. Wannan karon da izinin doka, kuma babu sunana ko a gefe.

Talata, 2 ga Oktoba, gab da magariba

Halliru ya kai ni Lajawa a motar abokinsa. Bai tambaye ni dalili ba.

Fadamar duk ruwa ne, kan shinkafa ya kwanta ya yi baƙi. Labaran na zaune a ƙofar gida yana gyaran fatanya, ya gaishe mu da ladabi, bai haɗa ido da ni ba. A tsakar gida ga duron can a jingine, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Hansai ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni kamar kullum. Yaron na ɗaki, ina jin motsinsa. Ba ta fito da shi ba.

Na ce akwai aiki, na bikin jami'a. Ni zan sayi kifi, ita ta yi banda, a sa a kwalina, in sallame ta.

Ta daɗe tana wasa da bakin tabarma.

"Zan yi, Yaya."

Na ce to.

"Amma da sunana a kwalin. Naki a sama, nawa a ƙasa."

Na ce yaushe ta fara yi mini ciniki?

"Ba ciniki ba ne. Na ce miki zan rufe in kin warke, kuma da zan rufe. Ba ki jira ba." Ta ɗago kai, abin da ba ta taɓa yi mini ba. "Mutane sun yi ta kira ina ce musu babu. Na ji kunya, Yaya. Ba na so in sake hura wuta, ranar da ranki ya ɓaci a kashe mini. In za mu yi, mu je wurin lauyan nan naki a rubuta."

Halliru ya juya baya yana kallon kaza. Na san dariya yake ɓoyewa.

Hansai. Hansai da nake wa kitso tana kuka.

Laraba, 3 ga Oktoba, da safe

Naki a sama, in ji ta. Kamar ita ke ba ni.

Alhamis, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun hau benen mu uku, ni da Hansai da Grace. Barista Haladu ya ce bai taɓa ganin yarjejeniyar da ta haihu ba sai wannan.

Ya karanto: Grace za ta riƙa tura masu saye wuri ɗaya, Kifin Khaulat da Hansai. Ni ke riƙe da shafi da masu saye da tura kaya a tasha, Hansai ke riƙe da wuta. Babu wadda za ta cire wata sai a gaban sauran. Grace ta ce a mayar da wa'adin shekara ɗaya maimakon biyu, in ta ƙare a sake dubawa. Da ta faɗa ba ta kalle ni ba. Har yanzu Madam Khaulat nake.

Yau Hansai ta zo da Ɗantani, babu mai riƙe mata. Da aka zo sa hannu ta kwance goyon tana neman inda za ta ajiye shi. Ta kalle ni, ta yi sauri ta kau da kai. Grace ta miƙa hannu, shi kuwa ya tafi wurinta da rawar jiki, yana dariya, yana kama ɗan kunnenta. Ta ce, "Ɗana, ka manta da ni? Kwana biyu ba ka zo ka ci mini ayaba ba."

Ashe har gidanta ake kai shi. Ashe ya san ta. Ni da aka yi sunansa da zannuwan da na ɗinka, bai san fuskata ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kawo shi nan. Ɗan ƙanwata ne."

Grace ta kalli Hansai, Hansai ta kalli ƙasa. Grace ta miƙo mini shi a hankali.

Ya fi yadda na zata nauyi. Kansa na ƙanshin man kaɗe da hayaƙi. Ya dube ni, ya taɓe baki, ya fasa kuka, yana miƙa hannu wurin Grace. Hansai ta ajiye biro ta ce, "Yaya, kawo shi, zai dame ki." Grace ma ta matso.

Na juya musu baya na nufi taga da shi. Na ce su sa hannunsu, ba a gama ba.

Barista ya ce saura ni. Na ce ya jira.

Ya yi kuka har ya gaji, ni ma haka. Ban ba kowa shi ba. Da hannun hagu na sa hannu.